Yadda Sinawa Ke Lallashin Wutar Jiki a Birnin Gwangzu

Wanda ya sha ranar bazara a Sakkwato ko Maiduguri zai rantse ya gama ganin zafi. To jama'a, akwai wani zafin a kudancin ƙasar Sin, a birnin Gwangzu inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya. A watan Yuli ma'aunin zafi yakan tsaya wajen 34, abin da bai kai na watan Afrilunmu ba, amma iskar jiƙe take sharkaf. Namu zafin ƙona fata yake yi, nasu kuwa dafa mutum yake yi. Ka yi wanka, kafin ka ɓalla maɓallin riga gumi ya sake wanke ka. Mata na tafe da lema ba ruwa ba hadari, tsofaffi na kaɗa mafici, wasu ƙwari masu kukan gyare sun cika bishiyoyi da ƙara har kunne ya yi zugum.

Cikin wannan hali na shiga wani gidan abinci na Musulmi a unguwar Shiyawbe, na nemi ruwa. Sai ga kofi yana tururi! Na dubi tafintana, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, sha a hankali. Ƙanƙara kulle zafi take yi a ciki, ruwan ɗumi shi ke buɗe masa hanya." Ashe haka ƙasar take. A filin jirgi da tashar jirgin ƙasa akwai na'urar da ke zubo tafasasshen ruwa kyauta, kowa riƙe da ɗan fulas ɗinsa. Na tuna yadda muke rububin ƙanƙara da azumi, na riƙe baki.

Dalilin abin yana cikin maganinsu na gargajiya, wanda ke rubuce a wani littafi mai suna Hwangdi Naijin da ya haura shekara 2,000. A wurinsu duniya da jikin ɗan Adam suna tafiya ne a kan abu biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Kowanne da lokacinsa a shekara, kowanne da gaɓar da yake mulka. Wuta ita ce mai lokacin zafi. Nata ne zuciya da ƙaramin hanji da harshe, launinta ja, ɗanɗanonta ɗaci, halinta farin ciki. In ta yi daidai, mutum zai yi fara'a, ya yi barci mai daɗi. In ta yi yawa sai baki ya yi ƙuraje, barci ya ƙaurace, zuciya ta riƙa bugawa, mutum ya zama kamar ya ci barkono. Ruwan ƙoda, in ji su, shi ke riƙe linzaminta. Ko yaro a Gwangzu ya yi ciwon maƙogwaro, uwarsa za ta ce wuta ce ta taso masa.

Inda na ga aikin da idona shi ne lambun Yuweshiyu bayan sallar asuba. Ikon Allah! Gari bai gama wayewa ba, wurin ya cika da tsofaffi, wasu furfura fara fat. Wani rukuni na yin motsin gargajiya guda takwas da suke kira Baduwanjin. A na biyar, mutum zai ware ƙafafu ya ɗan durƙusa, ya dafa cinyoyinsa, ya riƙa juya kai da ƙugu sannu sannu, kuma an ƙirƙire shi ne musamman don sauke wutar zuciya.

Can ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya mai saiwoyi na reto, sai ga wasu sun shimfiɗa tabarmin roba suna yoga. Shi yoga baƙo ne a Sin, daga Indiya ya zo, tushensa yana cikin addinan can, amma waɗanda na gani motsa jiki suka ɗauke shi, suka ɗinka shi da nasu ilimin. Malamarsu 'yar siririya ce, muryarta ƙasa ƙasa. Ta sa suka buɗe ƙirji, suka miƙa hannuwa baya, suka ware yatsu, domin a lissafinsu hanyar zuciya daga hammata ta taso ta bi cikin hannu ta ƙare a ɗan ƙaramin yatsa. Wani dattijo kusa da ni ya naɗe harshensa ya turo shi waje, yana zuƙar iska ta ciki yana fitarwa ta hanci. Na gwada, wallahi na ji sanyi ya ratsa maƙogwarona. Babu mai gudu, babu mai haki. Da wata budurwa ta fara matsa wa kanta, malamar ta dafa kafaɗarta ta ce, "Gumi ruwan zuciya ne, kada ki zubar da shi a banza." Daga ƙarshe duk suka kwanta rigingine, ido rufe, tsit, na kusan minti goma. A gida, ka ga katti kwance haka a fili, ai sai a taru ana salati.

Tafinta ya tuna mini cewa ranar 21 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa yoga a 2014, ta faɗo daidai lokacin wuni mafi tsawo a shekara, lokacin da Sinawa ke cewa ƙarfin rana ya kai ƙololuwa. A 2015 ma an buɗe kwalejin yoga ta haɗin gwiwar Sin da Indiya a birnin Kunmin.

Daga lambun muka zarce shagon shayin sanyaya jiki. Manyan butoci jere, ruwan baƙi ƙirin, wani an ce haɗin ganye da saiwa 24 ne. Kurɓa ɗaya na yi, ɗacin ya tsaya mini a wuya, ko maɗaci albarka. Mai shagon ta miƙo mini busasshen ɗan itace mai zaƙi in kore. Sana'ar tsohuwa ce, don shahararren shayin Wanglaoji tun 1828 ake yin sa a garin. Suna soya wata kabewa mai ƙuraje da ɗaci su ci da ƙwai, suna shan romon koren wake, suna cin kankana. Shi kuwa ɗan itacen lici, mai jan ɓawo da farin nama mai zaƙin zuma, gargaɗi suke yi a kansa, wai yawan cinsa hura wuta yake. Nan na ga mun yi tarayya, don mu ma mun san ciwon zafi da na sanyi, mun san shuwaka da jiƙon tsamiya.

Akwai kwanaki 30 ko 40 daga tsakiyar Yuli da suke kira Sanfu, mafiya zafi. A cikinsu mutane ke layi a asibitocin gargajiya ana manna musu magani a gadon baya, da niyyar kashe tari da asma na hunturu tun kafin su zo. Daga ƙarfe 11 zuwa 1 na rana kuwa lokacin zuciya ne, sai ka ga ma'aikaci ya kifa kai a teburi, ɗan dako ya miƙe a kan kekensa. Ƙailula ce sak.

Kada mai karatu ya ɗauka sun yar da asibitin zamani. Suna da shi, kuma likitocin zamani ba su karɓi lissafin abubuwa biyar ɗin a matsayin kimiyya ba. Amma Sinawa sun rubuta gadonsu, suna koyar da shi a jami'a, suna bincikensa. Daga tsofaffin littattafansu ne wata masaniyarsu mai suna Tu Yuyu ta gano maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha a yau, ta samu kyautar Nobel a 2015.

Don haka 'yan uwa, in bazara ta kama, a motsa jiki da sassafe cikin natsuwa, a sha ruwa sosai, a huta da tsakar rana, a rage fushi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. Masananmu kuma su tashi su rubuta ilimin tsofaffinmu kafin su tafi da shi.