Suna Linzami: Yadda Muka Raɗa wa 'Yarmu ta Uku Suna

'Yan'uwa marubuta, kun san wahalar da mutum yake sha idan ya zauna zai laƙaba wa taurarin labarinsa suna. To mu wannan wahala ba a kan takarda ta same mu ba, a tsakar gidanmu ta same mu, a nan Yankwashi, cikin kwanaki bakwai da ke tsakanin haihuwa da ranar suna. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo maganar wannan fili, ko wani ya tsinci abin amfani.

Allah Ya azurta mu da 'ya'ya mata biyu a jere. Ta fari muka sa mata Jamila, wato kyakkyawa, ta biyu kuma Nabila, wato mai daraja. Ba mu ɓoye muku ba, daɗin amo muka bi. A lokacin muna ji da kanmu, mun gama karatun koyarwa, mun karanta littattafan soyayya tun daga In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, inda sunan Sumayya ya zauna mana a kunne tun muna yara. Muna ganin sunayen da muka taso muka tarar, irin su Delu da Kande da Hansai, na mutanen da ne.

Da aka haifi ta uku, uwargida ba ta ko tsaya shawara ba. Ta ce, "Malam, ai an gama magana. Jamila, Nabila, Kamila." Kuma ba za mu ce hujjarta ba ta da ƙarfi ba. Cewa ta yi yara mata suna lura da abin da manya ba sa kulawa da shi. Idan ana ɗinka musu anko da Sallah don kada wata ta ga an fifita wata, to suna ma anko ne, wanda ba a tuɓewa. Idan aka kira biyu da amo ɗaya, ta ukun ta fita daban, wata rana za ta tambaya ko ita 'yar riƙo ce. Muka ce haka ne, muka yi niyyar abin da za mu faɗa wa liman ke nan.

Ana sauran kwana uku suna sai ga ƙanwar mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta iso daga wani ƙauye a ƙasar Roni don zaman jego. Mahaifiyarmu kuwa ta rasu shekara biyu kafin wannan haihuwa. Da dare, bayan an watse, Inna ta kira mu ɗakin da aka sauke ta, ta kwance bakin zanenta ta fito da wata tsohuwar munduwar azurfa. Ta ce, "Ɗan nan, Yaya ce ta ba ni ajiya. Tun haihuwarka ta fari ta fito da ita, ta ce ta takwararta ce. Da aka raɗa suna ta mayar. Aka yi ta biyu ta sake fitowa da ita, ta sake mayarwa. Ba ta ce maka komai ba, ni ma ta hana ni faɗa."

Jama'a, mun daɗe ba mu ji kunya irin ta wannan dare ba. Mun san al'adar mayar da suna sarai, har mukan koyar da ita a aji. Amma kawaicin tsohuwa ya rufe mana ido, muka ɗauka tun da ba ta nema ba, ba ta damu ba. Alhali kuwa uwar Bahaushe ba ta buɗe baki ta roƙi ɗanta takwara.

Wannan ya sa muka kwana muna juya maganar: wai shin me ake nufi idan aka ce sunayen 'yan'uwa sun dace da juna? Muka duba gidan fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. 'Ya'yansa mata huɗu ne: Zainab, Ruƙayya, Ummu Kulsum da Faɗima. Babu biyu da ƙarshensu ya yi kama, amma wa zai ce ba su dace ba? Muka duba gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, 'yar tagwaye ce, abokin haihuwarta shi ne Hassan. Bisa al'ada da sunan tagwaye za a ba ta, amma Shehu ya zaɓa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyadina Abubakar, yayar Nana A'isha. Ashe ko inda al'ada ta riga ta tanadi amo, akan bar shi a bi ma'ana.

Kakanninmu ma ba amo suke bi ba. Laƙabin da suke ba yarinya labari ne. Wadda ta zo ran Lahadi Ladi ce, ta Alhamis Lami, ta Juma'a Jummai, ta Asabar Asabe. Wadda aka haifa cikin watan Ramadan Azumi, ta ranar idi Tasalla. Wadda ta biyo bayan maza a jere Kande, wadda ta biyo tagwaye Gambo. Idan ka ji sunayen 'yan gida ɗaya, ka karanta tarihin gidan ba tare da an ba ka labari ba. Sunan yanka kuwa yakan tafi ga wata kaka ko gwaggo, don kada sunanta ya ɓace daga bakin zuriya.

Aikinmu na koyarwa ma ya nuna mana wani abu. Kowace safiya muna kiran rajista, kuma mun sha ganin 'yan gida ɗaya masu sunaye kamar baitin waƙa, Hanan da Afnan da Iman, a kira ɗaya duk su waigo, a tambaye su ma'anar sunan su yi shiru. Mun kuma sha ganin yarinyar da kowa ya sani da Ummi ko Mama, sai lokacin rajistar jarrabawar WAEC ko NECO a gano sunanta Hafsatu, an sakaya ne saboda alkunyar kakarta. Irin wannan yarinya idan ka tambaye ta sunan wa ta ci, nan take za ta ba ka labarin mai sunan, har da garinsu da sana'arta.

Abin da ya ƙarasa warware mana zare shi ne sunayen su Inna kansu. Su uku ne a ɗakinsu: Hauwa'u, Zainabu da A'ishatu, waɗanda duk dangi suka sani da Kulu da Abu da Indo. Babu wanda ya zauna ya tsara su. Amma mu da muka taso muna jin ana ambatonsu a jere, a biki da rasuwa da rabon goro, ba mu taɓa jin wasu sunaye uku da suka zauna da juna kamar su ba. Zumuncin masu sunan ne ya saba wa bakin mutane da haɗa su.

Da safe muka kai wa uwargida munduwar, muka faɗa mata yadda muka yi da Inna. Ta yi shiru tana juya ta a hannu. Can ta ce, "Malam, da ka faɗa mini tun a ta fari, ai da ba mu kai yau ba." Ba mu da amsa, domin gaskiya ta faɗa, laifin namu ne.

Ranar suna, bayan sallar asuba, aka yanka rago, aka raba goro da dabino, liman ya sanar da Hauwa'u. Mu ba ma iya kiran sunan, sai muke ce mata Ummi. Uwargida kuwa Jidda take kiranta, kamar yadda ake yi wa masu wannan suna. Tsoron da ta ji na cewa yarinyar za ta fita daban bai tabbata ba, sai dai ta wata fuskar: yayyenta sun mayar da ita abokiyar wasa, suna ce mata tsohuwa, kamar yadda jikoki ke tsokanar kaka. Kwanan baya ma Nabila ta tare mu da tambayar da ta fi ta uwarta nauyi, wai ita sunan wa ta ci? Muka ce mata sunanta na da ma'ana mai kyau. Ta ce ta sani, amma na wa ne?

Don haka, 'yan'uwa, ba mu ce amo laifi ne ba. Wanda ya sami suna mai daɗi, mai ma'ana, kuma mai tushe, ya haɗa riba uku. Roƙonmu kawai, ko a gida ko a cikin littafi, kafin ku jera wa 'yan'uwa mata suna, ku fara tambayar tsofaffin gidan ko akwai wata ajiya a bakin zane. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya mana zuriya bisa tafarki nagari, amin.