Eindhoven: Birnin Da Bola Ta Zama Jari

Duk wanda ya taɓa kunna rediyon Philips, ko ya ga babbar motar DAF ɗauke da kaya a hanyar Ikko zuwa Kano, to, ya san aikin birnin Eindhoven ko da bai san sunansa ba. Shi dai wannan birni yana kudancin ƙasar Holan ne, kuma a nan aka kafa kamfanin Philips cikin 1891 don ƙera ƙwan lantarki.

Shekara ɗari birnin yana cin albarkacin masana'antu, sai al'amura suka juya. A farkon shekarun 1990 Philips ya sallami dubban ma'aikata, DAF kuma ya durƙushe cikin 1993 kafin a farfaɗo da shi. Manyan gine-gine suka zama kango.

Baƙon da ya je unguwar Strijp a yau zai tarar waɗannan kangaye sun rayu. A cikin wata tsohuwar masana'antar Philips ne Piet Hein Eek ya kafa wurin aikinsa tun 2010, da kanti da gidan abinci. Shi ne wanda ya gama makarantar koyon fasalin kayayyaki ta birnin cikin 1990 da wani kabad da ya harhaɗa da tsofaffin katakai, kowane da launinsa, ba tare da ya ɓoye tabon ƙusa ko ɓarewar fenti ba.

Ba shi kaɗai ba ne a ƙasar. Cikin 1991 Tejo Remy na Utrecht ya jibga tsummokara ya ɗaure su tamau da ɗaurin ƙarfe, suka zama kujera. Ƙungiyar Droog ta kai irin waɗannan kaya bikin nunin kayan ɗaki na Milan cikin 1993, duniya ta fara kula. A 2010 kuma Dirk van der Kooij, ɗalibin makarantar Eindhoven, ya sa wani tsohon injin masana'anta yana zubo narkakkiyar robar matattun firji, zare bisa zare, har kujera ta tashi.

Amma kada mai karatu ya zaci kayan nan suna da araha. Ita masana'anta takan tsimi lokacin ma'aikaci, ta yi watsi da duk katakon da ke da aibi. Eek kuwa sai ya juya lissafin: katakon na banza ne, amma zaɓensa da yankansa da jera shi ɗaya bayan ɗaya aikin kafinta ne na kwanaki. Ladan hannu a Holan kuwa da tsada yake. Saboda haka teburin bola sai mai hali.

Duk watan Oktoba birnin yakan cika da baƙi don makon nunin sababbin ƙere-ƙere. Abin da suke biya ba katako ba ne, gwanintar hannu ce, watau ita ce dukiyar da ta rage wa Eindhoven sa'ad da injuna suka yi shiru. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.