Adakar Kakanmu

Tun muna yara ake gaya mana cewa mu jikokin malamai ne. Da wannan tinƙaho muka tashi, da shi kuma muka yi karatu har muka zo koyar da adabi a Abuja. Rasuwar mahaifinmu ce ta mai da mu Suleja rabon gado. A nan muka buɗe wata tsohuwar adaka, muna zaton kundin addu'o'i za mu tarar, sai ga takardun ajami cike da lissafi: ƙwaryar goro kaza ta wane, kanwa kaza, jakuna kaza sun yi kwana uku, la'ada kaza. Ashe kakan mahaifinmu fatoma ne.

Ɗalibai da yawa ba su san Suleja ita ce Abuja ta asali ba. Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, shi ya kafa ta a 1828, kuma sai a zamanin Sarki Abu Kwaka (1851 zuwa 1877) aka sakar wa fatake ƙofa. To, duk inda ayari ya sauka, fatoma shi ne uban baƙo. Shi zai ba madugu ɗaki, ya ajiye kaya, ya nemo dillali, ya tsaya wa baƙonsa in an ci bashi ko rigima ta kai gaban alƙali. Ba ya karɓar kuɗin kwana, rabonsa yana cikin ciniki. Jarinsa kuwa amana ce, domin in ya ci amanar falke ɗaya, labari zai riga shi isa kowane zango.

Wannan bai dame mu ba, har ma mun ɗan yi alfahari. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, takardun suna ta raguwa bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma hawa tarago, ayari ya yi ƙaranci. Da me gidan ya ci gaba da cin tuwo? Muka tambayi gwaggonmu, wadda ta haura tamanin. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Kai dai ɗan nan, ka cika tone-tone."

Daga baya ta faɗa. Fatoman yana da mata Bagwariya daga wani ƙauye kusa da Wuse. Da kasuwa ta mutu sai ta koma wajen danginta, ta ɗora tukwane tana dafa burkutu, 'yan dako da manoma suna taruwa a rumfarta ranar kasuwa. Da ribar dawar nan aka ciyar da gida shekara da shekaru, da ita kuma aka tura ɗanta Zariya neman ilimi. Shi ne malamin da muke taƙama da shi. Da ya dawo da rawani, ya roƙe ta ta kife tukwanen, ta kife. Amma ko a addu'ar gida ba mu taɓa jin an ambaci sunanta ba.

Mun je neman ƙauyen. Bayan dokar kafa sabon babban birni ta 1976 an tayar da mutanen wurin, yanzu sai kwalta da manyan otal-otal. Mun tsaya a bakin ɗaya daga cikinsu muna dube-dube, har maigadi ya tambaye mu ko ɗaki muke nema.

Da muka koma, mun nuna wa gwaggo salsalar da muke rubuta wa 'ya'yanmu, da gurbin da muka bari kusa da fatoma. Ta ce mu miƙo mata alƙalami, sa'an nan ta tuna ba ta iya boko ba, ta ce mu matso da kunne.