Daga Gaya Zuwa Kan Dutsen Dala a Kan Keke

Ƙasar Gaya da Ajingi shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Mutum ya yi ta tafiya cikin gonakin gero da gyaɗa, ba ya ganin abin da ya fi kuka da rimi tsawo. Yaron da ya tashi a nan yakan ji ana maganar duwatsu, amma bai san yadda ƙafa ke ji in tana hawa ba. Saboda haka a hutun Kirsimeti muka shirya tafiya a kan keke, malamai biyu da manyan ɗalibai uku, ɗaya daga cikinsu mutumin Ajingi ne. Niyyarmu mu hau Dutsen Dala a Birnin Kano.

Mun zaɓi Dala ne domin akwai tsohon zumunci tsakaninsa da Gaya. Labarin kaka da kakanni ya ce wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin Dala, ya zauna. Zuriyarsa su ne ake kira Abagayawa, an ce kuma daga sunansa birnin ya sami suna. Masu binciken kayan tarihi sun tono tsohon murhun narkar da tama a gindin dutsen, awonsu ya nuna an yi aiki da shi tun wajen ƙarni na 7. Ke nan mun bi sawun mutanen garinmu ne.

Tafiyar wajen mil 40 ce. Tun daren jiya muka sa wa sarƙa mai, muka gwada birki, muka ɗaure famfo da kayan faci da gorar ruwa a kariya. Da asuba muka tashi, hunturu yana kaɗa mu ta baya, har muka iso Wudil hantsi bai yi ba. A nan muka ƙetare gadar kogin da ke gangarawa Haɗeja. Mun guji ranar Juma'a da gangan, gama ita ce ranar kasuwar shanu ta Wudil, manyan motoci sukan cika hanya.

Daga Wudil zuwa Kano ne wurin da ke bukatar hankali. Wannan ita ce hanyar Maiduguri, tirela da tankar mai ba sa yankewa. In tirela ta wuce kusa, iskarta takan fizgi mai keke zuwa tsakiyar titi. Sai muka jeru ɗaya bayan ɗaya a gefen dama, malami a gaba, malami a baya, ba mai jerawa da ɗan'uwansa don hira. Iyaye, duk wanda zai bar ɗansa ya yi irin wannan tafiya, ya tabbata da babba a tare da shi. Muka huta a Gano, muka wuce kasuwar goro ta Mariri, muka shiga birni, muka bi ta Ƙofar Mata inda marina suke.

A unguwannin gindin Dala lunguna sun matse, ƙasa kuma ta fara tashi. Nan ne mutumin jigawa ya san hawa. Kekunanmu ba su da giya, sai muka miƙe tsaye a kan feda, numfashi yana fita sama-sama, cinyoyin da suka yi mil 40 suna rawa. A Faransa akwai tseren keke da aka fara a 1903, inda mahaya ke hawan hanyoyin duwatsun da suka haura mita 2,000. Dala bai kai rabin rabin wannan wahala ba. Tsayinsa daga bakin teku wajen mita 530 ne, birnin kansa kuwa yana kan tudu, saboda haka abin da ake hawa daga gindi kaɗan ne. Amma keke ba ya kaiwa ƙoli. Dole a sauka, a ba wani ajiyarsa, a bi matakala da ƙafa.

Saman dutsen fili ne na jar marmara. Da muka tsaya, Kano duka ta shimfiɗu a ƙarƙashinmu. Ga Gwauron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci kusa da Gidan Rumfa, ga rumfunan Kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamanin mulkinsa, 1463 zuwa 1499. Daga arewa jirage suna tashi a filin Malam Aminu Kano. Tarihin Kano ya ce a kan wannan dutse Barbushe yake zaune, yakan sauko ya shiga wurin Tsumburbura shi kaɗai, sa'an nan ya fito ya faɗa wa jama'a abin da zai faru.

Muka juya gabas muna neman Gaya, hazo ya rufe ta. A nan muka sa yaran su yi lissafi. Mu da taya da kwalta mun kwashe fiye da rabin yini. Maƙeran nan kuwa da ƙafa suka zo, cikin daji, ɗauke da zugazugi da guduma, domin neman abin da za a ƙera fartanya da gatari da shi. Ba ganuwa a lokacin, ba fada, ba kasuwa. Masu aikin hannu ne suka fara zama, birni ya biyo bayansu. Ɗalibin da ubansa maƙeri ne ko manomi ba shi da dalilin sunkuyar da kai a gaban ɗan birni.

Wanda zai bi bayanmu, ya kwana a Kano kada ya juya da yamma, gama dare a wannan hanya ba na mai keke ba ne. A lungunan gangaren Dala ya tura keken da hannu, saboda yara suna wasa a ƙofar gida. Ya kuma ajiye ƙarfinsa, domin a komawa gabas hunturu yakan tari mutum ta gaba.