Gardamar Taubasai A Kan Wasan Sanɗa

Daga Nguru zuwa Gashuwa, in an bi ta Jajimaji, ba wata doguwar tafiya ba ce a mota. A kan wannan hanya akwai wata gardama da ta yi shekaru tana kai da kawowa, wani lokaci cikin motar haya, wani lokaci ta waya, tsakanin waɗansu samari biyu taubasai. Ɗaya mai gyaran waya ne a Nguru, ɗayan kuwa malamin firamare ne a Gashuwa. Uwar na Nguru ƙanwar uban na Gashuwa ce, aure ya kai ta gidan wani Bakano wanda kakansa ya biyo jirgi bayan da hanyar dogo ta iso Nguru a 1930. Watau dai kakarsu ɗaya, wata tsohuwa 'yar Bade da ke nan da ranta a Gashuwa, kuma ɗan mace da ɗan namiji suke kiran juna, kamar yadda al'ada ta gada. Abin da suke gardama a kai kuwa, dattijo ya ji sai ya yi tsaki, domin labarin wani wasan kwamfuta ne.

Sunan wasan Metal Gear Solid V: The Phantom Pain. Kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fitar da shi ran 1 ga Satumba, 2015, wani mutum mai suna Hideo Kojima shi ya tsara shi. Irin wasan nan ne da za a kira wasan sanɗa, domin gwani a cikinsa shi ne wanda ya shiga sansanin abokan gāba ya fita ba wanda ya ji motsinsa. Mutum ya yi rarrafe cikin ciyawa, ya jira dare, ya ɓuya cikin kwali, in ya sumar da soja ya ɗaura masa balan-balan a ɗauke shi sama a mai da shi nasa. A gidajen gem na garuruwan nan ƙwallo ake bugawa, gama yaron da ya biya kuɗinsa, ga janareta na shan mai, ba shi da lokacin laɓewa bayan dutse yana jiran mai gadi ya juya baya. Su waɗannan biyu a ɗaki suka yi nasu, da wata tsohuwar PlayStation 3 da ɗan mace ya saya ta hannu.

A kan daɗin wasan babu saɓani tsakaninsu, haka kuma a duniya, masu sharhi sun yaba shi ƙwarai. Labarin ne aka raina. An ce bai kai na wasannin da suka gabace shi ba, an ce ba a gama shi ba. Ɗan mace yana tare da masu wannan magana, ɗan namiji kuwa ya ce an zalunci labarin.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Cikin 1984 wani soja da ake kira Snake ya farfaɗo daga suman shekara 9 a wani asibiti a tsibirin Kubrus. Ya tara rundunar sojan haya, ya yi yaƙi a Afganistan zamanin da Rasha ta mamaye ta, sa'an nan a kan iyakar Angola da Zayar. Abokin gābansa, Skull Face, ya mallaki wata ƙwayar cuta wadda ke zama a maƙogwaron mutum, ba ta tashi sai ta ji ana magana da wani harshe guda da aka horar da ita a kansa, sa'an nan ta hayayyafa ta cinye huhu. Nufinsa ya saki mai jin Turanci, ya shafe Turanci daga duniya, domin shi kansa tun yana yaro sojojin wata ƙasa suka raba shi da harshen uwarsa.

Ɗan mace ba da ka yake magana ba, yana da hujja. Ya ce tatsuniya ko ta yara ce sai an kai ta ƙurunƙus, wannan kuwa an bar ta a hanya. Kashi na biyu na wasan cike yake da ayyukan da aka riga aka yi, an maido su da ƙarin wuya. Babi na 51, wanda zai warware zancen yaron nan Eli, shugaban yaran da aka ba bindiga, ba a sa shi cikin wasan ba, sai guntayensa da aka nuna a wani faifai na dabam, kuma Kojima ya bar Konami kafin shekarar ta ƙare. Sa'an nan yawancin bayanin an zuba shi cikin kaset-kaset ne waɗanda sai mai wasa ya ga dama ya kunna. Ya ce, “Ɗan namiji, wanda ya dafa tuwo ya ɓoye a ƙarƙashin gado, ai ba ya ce baƙi sun raina girkinsa ba.” Ya ƙara da cewa Afirkar da aka nuna daji ce kawai da bindiga, babu kasuwa, babu gari mai rai. Tufafin da aka sa wa macen nan Quiet kuwa, ya ce abin kunya ne, dalilin da aka bayar wai ta fata take numfashi bai gamsar da kowa ba. A nan ko ɗan namiji bai musa ba, kuma bai kamata ya musa ba.

Amma shi abin da ya kama shi wani wuri ne dabam. Akwai inda cuta ta ɓarke a sansanin Snake, mutane suna ta mutuwa, aka bar mai wasa ya binciki takardun ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya ya gano abin da ya haɗa marasa lafiyar. Ashe duka masu jin Kikongo ne, harshen mutanen Kwango da arewacin Angola. Sai ya zama dole ka bi jerin sunaye kana tsame mutum kana killace shi, ba don ya yi laifi ba, sai don harshen da ya tashi da shi. Ɗan namiji ya ce a daren da ya yi wannan aiki bai yi barci da wuri ba. Daga baya ya zauna ya saurari kaset ɗin tsohon nan Code Talker, mutumin ƙabilar Nabaho ta Amurka, yana ba da labarin yadda aka kai shi makarantar kwana aka hana shi harshensu. Wannan kuwa ba ƙaga ba ce, an yi wa 'ya'yan ƙabilun asali na Amurka haka shekaru masu yawa.

To, shi ɗan namiji Babade ne gaba da baya. Yana jin Badanci in an yi, amma in zai mayar da amsa sai Hausa ta riga fitowa. Kakarsa takan yi masa magana da Badanci ya amsa da Hausa, ta dube shi ta yi shiru. A ajinsa kuwa, yaran da iyayensu Badawa ne da Hausa suke wasa, da Hausa suke faɗa. Badanci da Ngizimanci da Hausa dangin juna ne, duka daga tushen harsunan Cadi suka fito, sai ga shi babban wa yana cinye gadon ƙanne. An yi ƙoƙari, domin a 2004 an buga ƙamus na Badanci da Turanci da Hausa a ƙarƙashin aikin binciken harsunan Yobe wanda Farfesa Russell Schuh na Amurka ya jagoranta tare da 'yan ƙasa. Amma ƙamus ba ya goyon yaro, ba ya kuma yi masa waƙar barci.

Ran da ya faɗi wannan, a shagon gyaran waya, nan gardamar ta yi zafi. Ɗan mace ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, “Watau mu ne Turancin naka ke nan? Wa ya sa wa kowa bindiga a Gashuwa ya ce ya yi Hausa? Kasuwa ce ta kawo ta, da jirgi, da aure. Da ita kake sayen kifi, da ita ka nemi matarka. Ga Mangawa nan a Nguru, su ma haka.”

Ɗan namiji ya ce, “Ban ce an sa bindiga ba. Shi ya sa ma ba wanda zan kai ƙara.”

Maganar ɗan mace gaskiya ce, kuma ta nuna inda labarin ya gaza fiye da zancen babi na 51. Wasan ya san harshen da aka ƙwace da ƙarfi, bai san wanda mai shi ya ajiye da hannunsa don neman abinci ba, alhali kuwa irin wannan mutuwar ita ta fi yawa. Duk da haka, abin da ɗan namiji ya gani yana nan cikin wasan, ba shi ya sa shi ba. Dubi Quiet ɗin da ake zancen tufafinta. Tana ɗauke da ƙwayar mai jin Turanci, shi ya sa ta kame bakinta tun daga farko, har ran da maciji ya sari Snake cikin guguwar rairayi, ta ga babu makawa sai ta yi Turanci ta rediyo ta nuna wa jirgi mai saukar ungulu inda suke. Ta yi, ta cece shi, ta shige hamada ita kaɗai. Wanda ya tsallake kaset-kaset zai ga mace ce kurum marar magana. Abin dariya kuma, labarin da ke kuka da mulkin Turanci, da Turanci suka ji shi, suka kuma yi gardamarsa da Hausa.

Da damina ta wuce tsohuwar ta kwanta ciwo na 'yan kwanaki, ta tashi. Tun daga nan ɗan namiji ya shiga zama wurinta bayan la'asar da wayarsa, yana ɗaukar muryarta: sunayen kifi da na ciyayin fadama, da kirarin dangi, da yadda ake gaisuwar mutuwa. Da wayar ta cika ta fara gardama, sai ya shiga mota ya kai ta Nguru. Ɗan mace ya buɗe ta, ya ga jerin muryoyin, ya yi dariya ya ce, “Kai ma ka koma zuba labari a kaset. Wa zai saurara?” Ya sa masa sabon katin ajiya, ya kwafe muryoyin duka a kwamfutar shagon don kada su salwanta, ya ƙi karɓar ko kwabo. Yana cikin kwafewa ya kunna guda. Muryar kakarsu ta fito, ya saurara har ƙarshe, bai fahimci ko kalma biyar ba. Ya tambayi abin da ta ce, ɗan namiji ya fassara masa rabi, sauran rabin ya ce sai ya koma ya tambaye ta. Da ya rako shi tasha, mota na shirin tashi, ɗan mace ya leƙo ta taga ya ce har yanzu dai shi bai yarda an gama labarin nan ba.