Ziyara Garin Knysna, Inda Namiji Ke Ɗaukar Ciki

'Yar uwa, in kin buɗe taswirar Afirka, ki gangara da yatsarki har can ƙasan Afirka ta Kudu. A nan gaɓar teku za ki tarar da wani ɗan gari da ake rubuta sunansa Knysna, amma masu garin Naizna suke cewa. Daga Cape Town tafiyar kusan kilomita 500 ce zuwa gabas. Na je ne a watan Disambar 2023, lokacin da na kai wa maigida ziyara yana ƙarin karatu a ƙasar, ni kuma ga cikin wata shida ina ja da ƙyar.

Garin yana kewaye da wani faffaɗan tafki ne inda kogi ke haɗuwa da teku, ruwan ya ratsa ta tsakanin wasu manyan duwatsu biyu masu kama da ƙofar gari. Ruwan daɗi da na gishiri sun gauraya, kuma a ƙarƙashinsa akwai ciyawa mai dogayen ganye. Cikin wannan ciyawa abin da zan ba ki labarinsa yake zaune.

Dokin teku ake ce masa, amma kifi ne. Ba a ganinsa daga baki, sai muka je ofishin hukumar kula da gandun daji ta ƙasar da ke tsibirin Thesen, inda aka ajiye wasu cikin akwatin gilashi. Na daɗe ina dube-dube ban ga komai ba, sai da maigida ya nuna mini wani abu da na ɗauka busasshen kara ne. Ashe shi ne! Tsawonsa ba ya wuce santimita 12, kamar cokalin shayi. Kansa na doki, idanunsa na hawainiya, kowanne yana juyawa inda ya ga dama, wutsiyarsa kuwa ta biri, ya naɗe ta a jikin ciyawa. Launinsa tsakanin kore da ƙasa-ƙasa. Ba shi da ɓamɓaroki irin na karfasa, faifan ƙashi ne jere-jere suka lulluɓe shi. A tsaye yake iyo, yana kaɗa wani ɗan fiffike a bayansa, kuma gaskiya rago ne wajen iyon. Ba haƙori, ba tumbi, don haka wuni yake yana zuƙar ƙananan halittun ruwa da bakinsa mai kama da tsinken shan lemo.

To ga inda na ce Subhanallahi. Macen ce ke yin ƙwai, amma sai ta juye su cikin wata jaka da ke cikin namijin. Shi zai ɗauke su na wasu makonni, jakar tana ba su iska tana daidaita musu gishirin ruwa, cikinsa ya kumbura, ranar haihuwa kuma ya yi ta murɗawa yana feso 'ya'yan da ɗai-ɗai ko a gungu, wani lokaci fiye da 100. Na kalli maigida, na kalli cikina, ya yi kamar bai gane ba. Amma kada ki yi saurin yaba wa wannan uba, domin da ya haife su shi ke nan, ba reno ba goyo. Kowane ɗa ya kama gabansa, kuma kaɗan ne ke rayuwa.

Wannan irin na Knysna ba a samunsa ko'ina a duniya sai a bakin koguna uku: nan, da Swartvlei, da Keurbooms. Tun shekarar 2000 aka sa shi cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Gine-gine da ƙazantar da gari ke turawa cikin ruwa suna cutar da ciyawar da yake dogaro da ita. Na Swartvlei kuma nasu tashin hankalin daban ne. Yashi kan toshe bakin kogin, ruwa ya taru, in aka fasa shi don kada ya ci gidaje sai ya zube da sauri. Su kuwa ba sa sakin ciyawar da suka riƙe, sai a bar su a kan tudu. A irin wannan rana mutanen garin kan fito da bokitai, manya da yara, suna bin ciyawa suna tsince su, suna mayar da su cikin ruwa mai zurfi kafin rana ta ƙone su.