Fatar wasa aska a hannun sabon wanzami

Mu da muka daɗe da zabira a rataye a nan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, muna ganin yaran da ake turo mana daga gida su koyi wanzanci, kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke tuntuɓe. Sun iya riƙe aska, wasu har sun iya dutse, amma fatar da ake goga aska a kai sai su maishe ta kamar tsumma.

Abin da ba su gane ba shi ne fata ba ta cin ƙarfe yadda dutse yake ci. Bakin aska siriri ne ƙwarai, in ya bi ta kan gashi sai ya ɗan lanƙwashe ta yadda ido ba ya gani. Aikin fata ta miƙar da shi ta goge shi. Yaron da ya ɗauka dutse ce, sai ka ga yana danna aska da ƙarfi, fatar ta lotsa ta naɗe bakin, ya tashi da aska wadda ta fi dakushewa fiye da yadda ya ɗauko ta. Haka in ya bar fatar sako-sako bai ja ta ta miƙe ba. A kwantar da askar gaba ɗaya, bayanta ne ke gaba, kaifi na bi a baya, in an kai ƙarshe a juya ta a kan bayanta. Wanda ya juya a kan kaifi, ran nan zai yanki fatar maigidansa. Ƙaramin yanka ana iya shafe shi da takardar goge katako mai laushi. Babba kuwa sai dai a canza fata.

Sai maganar mai, wadda ita ce ta fi ba mu ciwon kai. Yaro ya taso a Kano ko Katsina, ya ga hunturu na busar da fata har ta tsage, ya ga babansa na shafa mata ɗan mai. Ya zo nan ya ci gaba da haka, har da ƙari: man gyaɗa, man ja, wani ma man shafawarsa. To nan ba can ba ne. Iskar Legas cike take da danshi, damina kuma tana kamawa tun wajen Afrilu har Oktoba. Fatar da ta sha mai a wannan yanayi sai ta yi danƙo, ta kama ƙura, ta fara wari, bayan kwana kaɗan fumfuna ta fito mata fari-fari. Mu dai tafin hannu muke goga mata da safe har ta ɗan yi ɗumi, maiƙon jikin mutum ya ishe ta. In da za a sa mai, sai lokacin da buji ya sauko, shi ma ɗigo biyu.

Ajiya ma haka. Kar a ninke ta a cusa cikin zabira, don inda ta karye nan za ta yi tudu, aska ta riƙa tsalle a kai. Kar a ɗaure ta a leda wai gudun ruwa, leda ce ke tara mata gumi. A rataye ta a ƙusa inda iska ke ratsawa. In ruwan sama ya taɓa ta, a bar ta ta bushe a inuwa; rana da bakin murhu ƙandarar da ita suke yi. Wanda zai saya kuma ya nemi ƙirgi mai kauri da santsi wajen dukawa, fatar akuya ta cika sirantaka, miƙewa take yi.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan nauyi. Aska ana wanke ta, ana tafasa ta, amma fata ba a tafasa ta. Duk abin da aska ta ɗauko daga kan wani, in aka goga ta kafin a wanke, ya zauna a fatar ke nan, kuma ciwon hanta yana bin jini ko da ɗan kaɗan ne. Shi ya sa muke cewa a wanke aska, a tsane ta sarai, sannan ta taɓa fata. Haka bayan dutse, don ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a fata za ta riƙa karce baki kullum.

Mun san da yawa yanzu sun koma reza ta sau ɗaya a yar, kuma ba mu ga laifinsu ba. Amma har yau akwai gidajen da ran suna sai sun ce a zo da askar gargajiya, kan jariri ɗan kwana 7 kuwa ba ya jure baki mai karce. Masu yara a hannu, don Allah kafin ku miƙa musu aska ku ba su tsohuwar fata da wuƙar da ba ta da kaifi, su yi sati biyu suna koyon juyi a kanta.